Dogon ido a cikin ɗaki

Akwai salon ɗaukar hoton iyali da ya samu karɓuwa tun da kamarori suka yawaita: mai hoto ya raɓe a lungu, ya ɗaura wa kamararsa dogon gilashin nan mai janyo nesa kusa, wanda ake kira téléobjectif da Faransanci, ya jira har mutanen gida su manta da shi. Hujjar masu salon ita ce, wanda ya san ana ɗaukarsa yakan gyara fuska, gyararriyar fuska kuwa ba ta faɗin gaskiya.

Hujjar ba ta rasa madafa ba. Gilashi mai milimita 85 ko 135 yana fitar da fuska sumul, ba ya kumbura hanci kamar gajeren gilashi idan an matso, kuma yana narkar da abin da ke baya ya zama hazo. Yaron da ya shagala da wasa, ko tsohuwa mai jan tasbaha, sukan fito da kyau mai taɓa zuciya.

Sai dai ɗaki ba fili ba ne. A tazarar mita 3, gilashin milimita 135 kan cikakkiyar kamara bai ɗaukar abin da ya wuce faɗin santimita 80, alhali na milimita 35 yana haɗiye mita 3 cur. Ga ƙarancin haske: dogon gilashi yana ninka rawar hannu, hoton ya dushe. Wannan matsalar sana'a ce, tana da magani. Wadda ba ta da magani ita ce abin da santimita 80 ɗin suka bari a waje: jeren kwanonin amarya, tabarmar da aka gada, hannun kaka a kafaɗar jika, wa ya zauna kusa da wa, wa ya ja baya don kunya. Iyali dangantaka ce, dogon ido kuwa mutum guda yake tsamowa daga cikinta.

Sannan ga batun izini. A gidan da baƙo ke tsayawa a zaure sai an yi masa iso, ɗaukar matar gida daga nesa ba da saninta ba sunansa leƙe, ko da ɗan gida ne ya yi shi.

Manyan masu hoton yankin nan ba su ɓuya ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan bar mutum ya zaɓi tufa da abin da zai riƙe, rediyo ko agogo, kuma zaɓin ne ke tona burinsa. Malick Sidibé a Bamako da Philippe Koudjina a Yamai sun kutsa cikin ƴan rawa a shekarun 1960 da 1970, kowa na ganinsu. Mutanen da ke cikin hotunan suna kallon kamara ido da ido, wasu ma suna yi mata dariya.