Sanarwar Bashi a Bakin Kabari

A Dutse, kamar sauran ƙasar Hausa, idan an binne mamaci, kafin jama'a su watse wani dattijo daga danginsa kan ɗaga murya: duk mai bin marigayi bashi ya zo ya same mu, wanda ya saɓa wa kuma, don Allah ya yafe masa. Sai a amsa baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Maganar ba ta cin minti guda, amma a nan ne tunanin mutuwa na Bahaushe yake komawa lissafi.

Tushenta a fiƙihu yake. Daga dukiyar mamaci ana fara cire kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan magada su raba saura. Malamai kan kawo labarin mutumin da Annabi (SAW) ya ƙi yi wa salla saboda bashin da ke kansa, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Waƙoƙin wa'azi ma, tun daga na Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u har zuwa Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wadda makafi suka yi ta rerawa a kasuwanni da tashoshin mota, da mai rai suke magana. Suna kwatanta masa duhun kabari ne don ya gyara tun yana da dama.

To, a nan nake da ja. Abin da aka so mutum ya yi da bakinsa, mun bar wa ƙaninsa ya yi masa a maƙabarta. Kuma wa zai fito a gaban ƙasa ɗanya ya ce ana riƙe masa da buhun gero biyu tun damina? Kunya ba za ta bari ba. Wani "mun yafe" ɗin daga leɓe ne kawai, don kada a ce wane ba shi da tausayi. Babban giɓin ma shi ne mata ba sa zuwa maƙabarta, alhali su ne ke da zubin adashe, da akuyar da maigida ya sayar ya ce zai mayar, da cikon sadakin da aka yi shekara ashirin ana cewa sai kaka. Ba sa wurin da ake sanarwar, kuma ba rubutu, ba shaida, sai amana.

Al'adar ta fi dacewa da mutuwar tsoho, wanda ya yi jinya ya kira 'ya'yansa, wataƙila ma likkafaninsa ya daɗe a akwati. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta kife ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, mutum fiye da 150 suka rasu, aka binne da yawa a kabari ɗaya. Wane dattijo ne zai tsaya ya yi wa kowannensu sanarwa? Matashin da ya fita da dare da jarka a hannu bai yi sallama da kowa ba.

Inda al'adar take da ranta sosai shi ne wajen maniyyaci. Kafin ya nufi filin jirgin Dutse, yakan bi gida-gida yana bankwana, ya biya mai shago, ya je wa ɗan'uwan da suka yi gaba a kan iyakar gona, ya leƙa ɗakin uwargida ya ce, "Hajiya, ki yafe mini, tafiya ce." Shi da kansa yake magana, ita kuma tana iya cewa akwai sauran dubu ashirin ɗinta. Mafi yawan alhazan nan lafiya lau suke dawowa, da dabino da zamzam, su tarar da ɗan'uwan nan cikin masu taryarsu.