Tarbiyyar Matasa da Sanin Haƙƙin Ƙasa a Karkarar Jega, Aliero da Maiyama

Tarbiyya a wajen mutanen ƙasar Gwandu ita ce horon da ake yi wa yaro har ya zama wanda za a iya zama da shi, a ba shi amana, a kuma dogara da maganarsa. A ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, inda akasarin jama'a manoma ne da 'yan kasuwa da masu ƙananan sana'o'i, wannan horo yana bi ta hannu huɗu: gida, makarantar allo, wurin sana'a, sai makarantar boko da ta zo daga baya da darasinta na haƙƙoƙi da wajibban ɗan ƙasa. A ƙauyukan yankin, ukun farko sun fi na huɗun tasiri nesa ba kusa ba.

Horon gida shi ne tushe, kuma ba ya cin ko sisi. Tun yaro bai iya ɗaure wando ba ake koya masa durƙusa wa babba, da karɓar abu da hannun dama, da cewa ba a kiran sa'an uba da sunansa gatsal. Maƙwabci na iya tsawata wa ɗan da ba nasa ba, domin an ɗauka ɗa na kowa ne. Halayen da ake nema sanannu ne, har Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya tattara goma daga cikinsu a nazarinsa na mutumin kirki da aka buga a 1974, ciki har da gaskiya, amana, kunya, haƙuri, ladabi da adalci.

Makarantar allo ta fi ƙarfin wurin koyon karatu kawai. Da sassafe yara kan zauna kan tabarma ko buzu, kowa da allonsa a cinya, suna ɗaga murya. Malam ba ya iya biya wa kowa, saboda haka gardi ke biya wa titibiri, titibiri kuma ya kula da kolo. Ta haka yaro ɗan shekara goma sha biyu ke fara ɗanɗana shugabanci: akwai na ƙasa da shi da za a tambaye shi a kansu. Ba a wanke allo sai an ji karatun ya zauna, kuma babu wanda zai haddace wa wani, don haka satar amsa ba ta da mafaka. Kuɗin Laraba kaɗan ne, wanda ba shi da shi ma ba a cika korarsa ba, abin da ya sa makarantar ta kasance ta talaka. Wanda ya sauke ya zarce makarantar zaure, inda Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ke koya masa tsarki da ibada, daga bisani hukuncin ciniki, bashi da gado. Sai dai tsarin yana da raunin da masu kare shi ba su cika son a taɓo ba. Yaron da aka tura gari mai nisa ba tare da guzuri ba, rabin yininsa a bara yake ƙarewa, kuma titi na koya masa abin da malam bai sani ba.

A wurin sana'a ne ake gwada abin da aka koya. Aliero ta yi suna da albasa da kuma ɗori, Jega kuwa da kasuwarta, wadda ke jawo fatake tun ƙarni na 19. Yaron gidan manoman albasa yana tashi da aikin rainon iri, dashe da ban-ruwa, kuma da wuri yake gane cewa in ya yi sakaci da kwana biyu na ruwa, asarar ta gidan gaba ɗaya ce. A kasuwa maigida kan aiki yaronsa da kuɗi fiye da abin da za a saya, ya yi shiru ya ga ko canji zai dawo cif. In ya dawo, gobe a ba shi mabuɗin rumfa. Dillali ma amana ce jarinsa: ranar da aka kama shi ya jera manyan albasa a bakin buhu ya cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, la'adarsa ta yanke.

Aikin gayya shi ne mafi kusa da abin da littattafan boko ke kira hidimar al'umma. Mai gona ko mai unguwa ya kai goro ga sarkin samari, a sa rana, a fito da fartanya da makaɗa, a yi noma ko gyaran hanya, maƙabarta ko masallaci, a sha fura a watse. Wanda ya saba noƙewa, ranar bikinsa zai ga sakayya. A nan samari ke koyon naɗa shugaba a tsakaninsu, da raba aiki, da hukunta mai laifi ba tare da an je gaban alƙali ba. Ƙwadago na kuɗi, maganin feshi da injuna sun rage gayyar gona ƙwarai, ko da yake ta gyaran gari ba ta mutu ba.

Duk da wannan ƙarfi, tarbiyyar gargajiya tana da giɓi guda babba. Ta ƙware wajen koya wa yaro abin da ke kansa, amma ta yi ƙaranci wajen koya masa abin da ke kan shugaba. Kunya da kara, waɗanda ke gyara zaman gida, su ne kuma ke ɗaure bakin saurayi ya kasa tambayar kansila ina aka kwana da maganar rijiyar burtsatse. Abin mamaki shi ne wannan yanki ya gaji akasin haka. Gimbana, garin Malam Abdussalami da mayaƙan Gobir suka auka wa a 1803, yana wannan shiyya, kuma abin da ya biyo bayan kama mutanensa na cikin musabbabin hijirar Shehu Usmanu a 1804. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega. Shehu a Kitabul Farƙi ya soki harajin zalunci da cin hanci a fadojin sarakuna. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya taɓa barin rundunar jihadi saboda ganin son duniya ya fara shiga zukatan abokan tafiya, ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami kan abin da ya wajaba ga masu mulki. Waɗannan littattafai suna hannun manyan malamai, ba su cika saukowa zauren yara ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta nuna yadda ake saukar da ilimi: ta tsara darussa cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji, suka riƙa kai su ƙauyuka ga matan da ake kira 'Yan Taru.

Hukuma ta sha gwada cike giɓin daga sama. An yi Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa a shekarun 1950. Gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, da bin layi da tsaftar gari, amma da bulala aka yi shi, kuma ya bi gwamnatin ya tafi. MAMSER ta zo a 1987 ƙarƙashin Jerry Gana, hukumar wayar da kai ta NOA ta gaje ta a 1993. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka yi masa doka a 2004, shi ya buɗe hanyar sa darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa cikin manhajar 2007, daga baya ya zama dole a jarrabawar gama sakandare.

Manhajar kanta ba ta da laifi. Tana bayanin tsarin mulki, zaɓe, haƙƙin ɗan Adam da illar shaye-shaye. Matsalar tana wajen isarwa. Da Turanci ake rubuta darasin a allo, yara su kwafa su haddace don jarrabawa, da yawansu ba za su iya faɗin ma'anarsa da Hausa ba. Sannan yaron da aka karanta wa cewa ilimi haƙƙinsa ne yana zaune ne a ƙasa, a ajin da rufinsa ke yoyo, kuma ranar zaɓe yana ganin ana raba taliya da atamfa. Abin da ido ya gani ya fi abin da aka kwafa zama a zuciya. Wanda kuwa bai taɓa shiga aji ba, ko wadda aka cire don talla ko aure, darasin bai ma iske su ba.

Talauci yana kuma raba yaro da masu horonsa. Da an kawar da amfanin gona samari kan tafi cin rani Legas, Ibadan ko Abuja, su yi watanni babu mai ce musu bari. Wasu kan dawo da jari, wasu da ƙwaya. 'Yan siyasa kuma sun gane ƙungiyoyin samari hanya ce mai arha ta tara jama'a, sai sarautar da ake samu da ƙwazon aiki ta koma ta wanda ya iya karɓo kuɗi.

Inda ake ganin ci gaba a yau shi ne wuraren da suka riƙe salon da, wato koyo ta hanyar ɗora nauyi. 'Yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala suna sa matashi ya tsara sahu a filin idi, ya taimaki majinyaci, ya amsa wa shugaban da shi ma yana da mai tambayarsa. Makarantun Islamiyya sun shigo da 'yan mata da matan aure da yawa, kuma da Hausa suke bayani. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, da misalin Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, sun nuna wa yaran yankin cewa aikin ƙasa ba na 'ya'yan wasu ba ne. Amma har yanzu waɗannan cibiyoyi sun fi ba da ƙarfi ga ladabi da ibada, ba su cika koyar da yadda ake karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ko kai koke a rubuce ba. Wannan ɓangare shi ne wanda malamin boko ke da shi a takarda, malamin zaure ke da hujjarsa a littattafan Gwandu, kuma a yawancin ƙauyukan yankin su biyun ba su taɓa zama tabarma ɗaya a kansa ba.