Sharhi a Kan Vasily Klyuchevsky da Darussansa na Tarihin Rasha

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen sharhi, za mu dubi rayuwa da aikin Vasily Klyuchevsky (1841-1911), shaihin malamin tarihi a Jami'ar Mosko, domin mu auna gudummawarsa, mu kuma nuna inda alƙalaminsa ya yi tuntuɓe.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haife shi a lardin Penza, ɗan wani talakan limamin cocin ƙauye. Mahaifin ya rasu a 1850, ya bar iyali cikin fatara. Yaron ya shiga makarantar horar da limaman coci, amma ya bar ta ya nufi Jami'ar Mosko a 1861, inda ya yi karatu a gaban Sergei Solovyov, wanda daga bisani ya gaji kujerarsa a 1879. A kundin digirinsa na biyu (1871) ya tantance ɗimbin rubuce-rubucen hannu na tarihin waliyyan Rasha, ya gano cewa yawancinsu yabo ne mai zubi ɗaya, ba su cika zama hujjar tarihi ba. Kundinsa na digirin digirgir (1882) ya shafi majalisar manyan fadawan Rasha ta dā.

Jigo da Salo

Babban aikinsa shi ne Darussan Tarihin Rasha, juzu'i 5, wanda asalinsa laccoci ne, ya kuma fara fitowa a 1904. Magabata irin su Nikolai Karamzin sun fi karkata ga sarakuna da daula. Shi kuwa sai ya shigo da manomi da daji da kogi. Jigonsa shi ne ƙaura: Rashawa al'umma ce da ta yi ta gusawa tana kafa matsuguni, daga kogin Dnieper zuwa saman Volga, daga nan zuwa daular Mosko, har ta mamaye dukkan shimfiɗar ƙasar. Ya nuna yadda gajartar lokacin noma ta koya wa manomi aikin gaggawa mai tsanani, sannan dogon hunturu ya zaunar da shi. Haka kuma ya danganta asalin bautar manoma da bashin da ya dabaibaye su, fiye da wata doka ta sarki.

Ta fuskar salo kuwa, gwani ne na gwanaye. Yakan siffanta mutum, kamar Sarki Peter Babba, har mai karatu ya ji tamkar yana ganinsa.

Rauninsa

Sai dai duk gwanintar mai iyo, ba ya rasa shan ruwa. Duk ƙasar da aka ƙaura zuwa cikinta tana da masu ita. Klyuchevsky ya nuna cewa ƙabilun da Rashawa suka tarar a yankin Volga, dangin mutanen Finland, sun narke cikinsu ba tare da wani babban faɗa ba, mutanen Saberiya kuma da ƙyar ake jin ɗuriyarsu. Bugu da ƙari, ya ɗauki zamanin Kiev a matsayin babin farko na tarihin Rasha. A 1904 ɗin nan ne masanin Yukren, Mykhailo Hrushevsky, ya soki wannan tsari, ya ce gadon Kiev na mutanen Yukren ne. Wannan saɓani bai tsaya a aji ba, domin da'awar cewa al'ummomin biyu ɗaya ne tana cikin hujjojin da shugabannin Rasha suka kafa wajen mamayar Yukren a 2022. Ba mu ɗora wa marigayin alhakin yaƙi ba, amma wajibi ne mu faɗi cewa tsarin da ya ƙawata ya yi wa masu mulki rana.

Kammalawa

A ganinmu, Klyuchevsky ya cancanci yabo, domin ya ba talakan Rasha wuri a tarihi, sai dai bai yi wa maƙwabtansa irin wannan adalci ba. Muna ba ɗalibai shawara su karanta shi, amma su haɗa da Hrushevsky, saboda daɗin salo yakan sa mai karatu ya manta da tambayar wanda aka bari a waje.