Gwanintar Kamantawa a Bakin Mawaƙan Kabi

Wanda bai taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu ba, ko an ce masa dubban masunta ne ke faɗawa gulbin Matan Fada a lokaci guda, adadi kawai ya ji. Amma idan mai ba da labari ya ce goruna sun rufe ruwan kamar kasuwar ƙwarya ranar ci, nan take sai hoton ya tsaya masa a ido. Wannan shi ne aikin kamantawa: a ɗauko abin da mai sauraro ya sani, a haska masa wanda bai sani ba.

Malaman balaga a zaurukan Gwandu, inda Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar gadon ilimi, suna karantar da cewa tashbihi, wato kamantawa, yana da rukunai huɗu: abin da ake kamantawa, abin da ake kamanta shi da shi, kalmar haɗi, da fuskar kama. Kalmomin haɗin a Hausa su ne kamar, tamkar, sai ka ce, da kuma awa da ake ji a bakin Kabawa da Sakkwatawa. Fuskar kama kuwa nan ne gwani yake rabuwa da ɗan koyo. Idan makaɗi ya ce basarake tamkar gulbin Rima yake a damina, ba launin ruwan yake nufi ba, ba kuma sanyinsa ba. Sifar da ya zaɓa ita ce: ba a tare shi, kuma da shi duk fadamar shinkafa take rayuwa. Mai sauraro da kansa yake gano sifar, daɗin waƙar kuma a wannan ganowar yake.

Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya kasa kamantawa gida uku. Akwai ta daidaito, inda abubuwan biyu suka yi kunnen doki. Akwai ta fifiko, kamar a ce haƙurin masunci ya fi na zalɓe a bakin tafki. Sai ta kasawa, wadda makaɗan fada suka ƙware a kanta wajen zambo: a ce ɗan sarkin da ke harin gadon sarauta bai kai ko ƙaramar ƙarfasa ba a gaban giwan ruwa. Ba a kama suna ba, amma duk fada ta gane, kuma dariyar ta fi bulala zafi.

Makaɗa irin su Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani sun yi fice ne saboda sun san mutanensu: abin da suke nomawa, abin da suke tsoro, abin da ke ba su dariya. Marubucin yau ma sharaɗinsa ke nan. Kamancen da kowa ya tauna, irin na kyakkyawa da wata, ya daina aiki. Sai mutum ya zauna a bakin gulbi ko a kasuwa ya lura sosai, domin wanda bai kalli abu da kyau ba ba zai san da me ya yi kama ba.