Rubutun Umarni Ga Wakilin Da Ba Ya Tambaya

Tun da aka fara barin manhajojin ƙirƙirarriyar basira su aiwatar da aiki da kansu, ba su tsaya ga amsa tambaya kaɗai ba, wani ƙaramin nau'in rubutu ya samu daraja, wato bayanin kayan aiki. Ofis yana da manhajar da yake jera ayyukansa a ciki, irin su Trello da Jira da Asana: wane aiki ne, yana hannun wa, zuwa yaushe. In za a bar wakilin na'ura ya shiga ya buɗe aiki, ya miƙa shi ga wani, ya rufe shi, dole a rubuta masa abin da kowane umarni yake yi. Ƙa'idar MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024 ta kasa abin gida uku: sunan kayan aikin, bayaninsa da kalmomi, da guraben da za a cike. Na tsakiyan shi ne rubutu na gaske, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ƙasar Gwandu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Wajajen 1806 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya tsaya Kano da niyyar wucewa Makka, mutanen garin suka roƙe shi ya rubuta masu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya rubuta Diya'ul Hukkam, inda ya bayyana sharuɗɗan shugaba da na waɗanda yake wakiltawa, kamar waziri da alƙali, da abin da ya hau kan kowanne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne halin da ya yi rubutun a ciki: ya san zai bar garin, masu karatu ba za su same shi su ce "Malam, me kake nufi a nan?" ba. Wanda ke rubuta wa na'ura bayani yana cikin wannan hali daidai. Da abin da ya rubuta za a yi aiki, abin da ya bari a ransa ya tafi da shi.

Argungu kuwa ta fi dogara ga baki da gado. Bikin kamun kifi da ake yi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana tafiya ne da ilimin da Sarkin Ruwa da masunta suka gada game da kogin Matan Fada. Ɗan Kabawa ba ya bukatar takarda. Amma da yake dubban mutane ke zuwa daga nesa, har da Nijar, sai an shelanta dokoki, kuma mafi yawansu iyakoki ne: homa da gora kawai, ba a faɗawa ruwa kafin a ba da alama, in lokaci ya cika a fito. Baƙo ko da ido makaho ne, shi ya sa ake gaya masa inda zai tsaya kafin a gaya masa inda za shi. Yawancin bayanan kayan aikin da ake rubutawa yau sun rasa wannan ɓangare gaba ɗaya.

Mu ɗauki harkar shinkafa, wadda ta bunƙasa a Kebbi bayan ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a 2015 da buɗe masana'antar WACOT a Argungu a 2017. A ce wata ƙungiyar manoma a Birnin Kebbi tana bin ayyukanta a manhaja, aka rubuta wa wakilin na'ura cewa wannan umarni "yana rufe aiki". Direba ya turo saƙo: an kai shanshera. Wakilin ya rufe aikin, sunan manomin ya fita daga jerin masu jiran kuɗi, alhali ba a auna ba, ba a duba danshi ba, ba a biya ba. Bayanin kirki zai ce: a rufe aiki bayan an shigar da lambar rasidin biya; kai kaya ba biya ba ne; abin da aka rufe sakatare kaɗai ke iya sake buɗe shi; in babu rasidi a tsaya a tambayi mutum. Zai faɗi ko da buhu ake lissafi ko da kilo, tunda buhun wannan kasuwa ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba. Zai nemi kwanan wata da lambobi, domin "jibi" na saƙon da ya kwana uku a waya ya riga ya wuce.

Ina ganin kuskure ne a bar wa mai haɗa manhaja wannan rubutu shi kaɗai. Yana iya zama a Legas ko Indiya, bai taɓa ganin yadda ake zage buhu a sikeli ba. Magatakardan ƙungiya da mai awo su suka san inda rigima take tashi, su ya kamata su faɗi sharuɗɗan da Hausarsu, a rubuta, sannan a gwada: a miƙa takardar ga sabon ma'aikaci wanda bai san kowa ba, a hana shi tambaya, a ga ko zai rufe aikin manomin da bai karɓi kuɗinsa ba.