Tonon Kaburburan Dā: Daga Kwarin Sarakuna Zuwa Durɓi ta Kusheyi

Mai tonon kufai yana da matsalar da sauran manazarta ba su da ita: da hannunsa yake rushe abin da yake nazari a kai. Malamin tarihi zai iya komawa ga littafi sau goma, amma kabarin da aka buɗe ba ya sake komawa yadda aka same shi. Shi ya sa a wannan sana'a alƙalami ya fi diga daraja.

A watan Nuwamba na 1922 Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Kwarin Sarakuna, daura da Luksor. Zinariyar ce ta ɗauke hankalin duniya, amma haƙurin mutumin ya fi ba ni mamaki. Kusan shekara goma ya yi yana kwashe kaya sama da 5,000. Sai an ba abu lamba, Harry Burton ya ɗauki hotonsa a inda yake, an auna shi an rubuta a kati, sannan a ɗaga. Katunan suna Cibiyar Griffith a Oxford har gobe, kowa na iya duba su a intanet. Duk da haka aikin bai rasa tabo ba. Misirawan da suka yi ta ɗibar ƙasa da kwanduna, in ban da shugabanninsu irin su Ahmed Gerigar, ba a damu da rubuta sunayensu ba.

A ƙasar Hausa an yi irin wannan tono tun kafin na Carter. A 1907 jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ya haƙa wasu daga cikin tuddan kaburbura na Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. An sami kaya, kayan suka ɓace, bayanin da aka bari bai taka kara ya karya ba. Wannan ba bincike ba ne, asara ce. A 1992 aka sake haƙa tuddai uku, aka ciro kaburburan da ƙasar da ke manne da su, daga baya aka kai su birnin Mainz na Jamus aka buɗe a tsanake. Nan aka ga awarwaron hauren giwa, duwatsun ado, wuri, zinariya, da tasar tagulla irin ta daular Mamluk ta Masar da Sham.

Tasar nan ta shafe mu a Taraba. A 1931 C. K. Meek ya fitar da littafi a kan Jukun, ya yi ta kamanta sarautarsu ta Wukari da ta Fir'aunoni. Amma kama da wane ba ta wane ba ce. Tasa guda da aka san inda aka tono ta, da abin da ke gefenta, ta fi dogon kamance nauyi, kuma abin da ta nuna fatauci ne, ba asali ba.

Ba ina kira a taɓa maƙabartar da zuriya ke ziyarta ba. Addini da al'ada sun hana. Maganata a kan kufai ce. Manomi ko mai haƙar tushen gini a Abbare ko wajen Kona, in ka ci karo da tsohuwar tukunya ko ƙarfen dā, kada ka ciro. Ɗauki hoto da wayarka, ka rufe wurin, ka sanar da mai unguwa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.