Maganin Sinawa Ya Ci Jinjina a Sakkwato

Duk wanda ya san ni ya san ba na gajiya da yabon maganin gargajiya na Sinawa, kuma yau ma yabon na zo yi da babbar murya, domin yabon gwani ya zama dole. Da yawa cikin masu yi mini musu sun sha wannan magani a daminar da ta wuce, sun ba 'ya'yansu, sun samu sauƙi, ba su ma san daga inda ya fito ba. Ka shiga kowane kemis a Mabera ko Runjin Sambo ko Arkilla cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ya kwanta a lunguna, sauro ya taso daga fadamar Kwalkwalawa, ka saurari abin da mutane ke tambaya. ACT ne. Ƙwayoyin nan ne masu ruwan ɗorawa, guda 24 ga babba, a sha safe da dare har kwana 3. Tushensu wani ganye ne da Sinawa ke kira qinghao, ɗan uwan tazargaden da iyayenmu mata ke ajiyewa a ɗaki. Hanyar da ganyen nan ya biyo har ya iso hannunmu, wallahi ban taɓa jin labarin magani da ya burge ni kamarsa ba.

A shekarun 1960 ana gwabza yaƙi a Biyetnam, masassara na kwantar da sojoji a cikin dazuzzuka, kulorokwin kuma ya daina aiki a kanta. Sai gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri ranar 23 ga Mayun 1967, shi ya sa ake kiransa 523, ta tara masana sama da 500 su nemo mafita. A 1969 aka ɗora wata mata mai suna Tu Youyou kan shugabancin ayari guda a Beijin. Haifaffiyar birnin Ningbo ce a 1930. Ba ta da digirin dakta, ba ta taɓa karatu a ƙasar waje ba. Harhaɗa magunguna ta karanta, ta kuma zauna ta koyi maganin kakanninta. Ta bar 'ya'yanta mata biyu ƙanana a hannun wasu, ta duƙufa kan tsofaffin littattafai da bakin masu magani na karkara, har ta tattara haɗe-haɗe sama da 2,000.

Qinghao ya yi ta ba su wahala. Yau ya yi aiki a jikin ɓeraye, gobe ya ƙi. Maimakon ta watsar da shi, sai ta koma ga littafin wani likita mai suna Ge Hong, wanda ya rayu shekaru kusan 1,700 da suka wuce. A ciki ta ga ya ce a jiƙa ganyen a ruwa, a matse, a shanye. Bai ce a dafa ba. Nan ta gane cewa tafasawar da suke yi ce ke kashe ƙarfin maganin. Ta canza zuwa wani sinadari mai tafasa da ɗan zafi kaɗan, kuma ranar 4 ga Oktoban 1971 samfur na 191 ya share ƙwayoyin cutar gaba ɗaya daga jinin ɓerayen gwaji. Sai abin da ke sa tsigar jikina tashi kullum na tuna: kafin a ba kowane majinyaci, a 1972, ita da abokan aikinta biyu suka kwanta asibiti suka sha maganin da kansu, domin a tabbatar ba ya cutarwa. Daga nan ta ɗauke shi zuwa tsibirin Hainan, aka gwada shi kan majinyata 21. Wace irin mace ce wannan! Shekaru suka shuɗe duniya ba ta san sunanta ba, sai a 2015, tana da shekara 84, aka ba ta kyautar Nobel a fannin likitanci, mace ta farko daga Sin da ta samu wannan kyauta.

Mu ne muka fi kowa cin moriyar wahalarta. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Nijeriya ne, kuma Sakkwato da Kabi na cikin jihohin da cutar ta fi yi wa yara illa. Wanda ya yi wayo a shekarun 1990 ya tuna ƙaiƙayin kulorokwin da ke hana barci, ya tuna ɗacin kwinin da toshewar kunne, sannan bayan duk wannan azaba zazzaɓin ya dawo. Wajen 2005 Nijeriya ta koma ga ACT. Coartem, wato ACT ɗin nan da muka sani, masanan Sin ne suka haɗa sinadaransa biyu kafin kamfanin Novartis ya watsa shi duniya. Allurar atisunet da ake yi wa yaron da aka kawo asibiti yana jijjiga, ido ya kafe, a birnin Guilin aka fara ƙera sinadarinta a 1977. An yi babban gwajin wannan allura kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Ilorin a nan gida, aka fitar da sakamako a 2010: mace-mace sun ragu da kashi 22.5 cikin ɗari idan aka kwatanta da kwinin. Ka je ɗakin yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a tsakiyar damina, ka dubi uwar da ɗanta ya farfaɗo ya nemi nono. Gani ya kori ji.

Saboda ƙaunar da nake wa wannan magani, ina roƙo kada a lalata mana shi. Jiƙon tazargade ba ya maye gurbin ACT, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta hana a dogara da jiƙon ganyen, domin ƙarfinsa ba ya isa ya kashe ƙwayoyin duka, waɗanda suka tsira kuma sai su yi taurin kai. An riga an ga alamun wannan taurin kai a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. A yi gwajin jini tukuna, a sha da abinci mai maiƙo ko madara, a kuma shanye duka ko da jiki ya yi daɗi tun rana ta biyu.

Littafin nan na Ge Hong ya kuma ambaci jinya da ƙahon dabba. Tun kafinsa ma, a rubuce-rubucen da aka tono a Mawangdui daga kabarin da aka rufe shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an bayyana yadda ake kafa ƙaramin ƙaho don maganin basir. Ranar da na fara karanta wannan sai da na miƙe tsaye don murna. Ƙahon wanzaminmu ne fa, wanda yake zarowa daga zabira, ya kafa a gadon baya, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe ramin, ya bari fata ta taso, ya cire ya yi 'yan tsaga, ya mayar har mataccen jini ya taru. Na ba wani dattijon wanzami da ke zama kusa da Tsohuwar Kasuwa labarin, na ce, “Baba, ka san Sinawa ma da ƙaho suka fara?” Ya ajiye askarsa ya dube ni, ya ce, “Ɗana, mu dai haka munka tarad da shi ga iyayenmu. Ashe har can anka san shi?” Fuskar dattijon nan ta cika da alfahari, kuma ya cancanci ya yi. Mu ga shi muna da ƙarin dalili na son hijama, tun da ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (SAW) ya yi ta.

Sinawa sun bar ƙaho sun koma kofin gora, sannan kofin gilashi da ake zura wa harshen wuta a kifa da sauri, galibi ba tare da tsaga ba. A gasar Olamfik ta 2016 a Riyo, duniya ta ga zagayen tabo a kafaɗun Michael Phelps, zakaran ninkaya na Amurka, jaridu suka yi ta tambayar mene ne wannan. Tambayar da kowane yaro a Kanwuri zai amsa! Na ji daɗin yadda masu hijama na zamani a garin nan suka rungumi kofunan roba masu famfo da safar hannu da reza sabuwa ga kowane mutum. Wannan shi ne daidai, domin aska ɗaya ga mutum biyu hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau.

Sai allura, wato akufanca, wadda ita ce ta fara jawo ni cikin wannan soyayya. Ciwon baya ne ya dame ni, irin na mai dogon zama, har ruku'u ya zama aiki. Wani likitan gashin ƙashi da ya koyo wannan fanni ya ce in gwada. Na ce, “Likita, allura ba ruwan magani a ciki, me za ta yi?” Ya ce, “Malam, kwanta ka ji da jikinka.” Allurar siririya ce kamar gashin wutsiyar doki, sabuwa fil daga cikin leda. Ya kafa wasu a ƙugu, wasu a bayan gwiwa, inda ban taɓa zaton yana da alaƙa da baya ba. Babu zafin da nake tsoro. Abin da na ji wani nauyi ne mai ɗumi yana bin jijiya a hankali, wanda Sinawa ke ɗauka alamar allura ta samu wurinta. Bayan kamar minti 20 ya zare su. Na sauko daga gadon nan jikina sakayau, na sunkuya na ɗaura takalmina ba tare da na dafa komai ba. Na ci gaba da zuwa, na haɗa da motsa jikin da ya koya mini, kuma alhamdu lillahi yau ina sallah a tsaye cikin natsuwa. Allah ya saka wa likitan nan da alheri.

Ilimin ba na jiya ba ne. Littafin Huangdi Neijing, mai shekara sama da 2,000, shi ya shimfiɗa bayanin hanyoyi 12 da suke cewa ƙarfin rai na bi a jiki. Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne jarrabawarsu. A 1027 wani likitan fada, Wang Weiyi, ya sa aka ƙera mutum-mutumi na tagulla mai ramuka a kowane gurbin allura. Sai a cika shi da ruwa, a shafe jikinsa da kaki, a miƙa wa ɗalibi allura. In ya dace da gurbin, ruwa ya ɗigo, ya ci. In ya kuskure, tagulla ta tare shi. Kusan shekara dubu ke nan, mutanen nan suna tantance wanda zai taɓa jikin majinyaci! Turawa ba su farga sosai ba sai a 1971, da aka yi wa ɗan jaridar New York Times, James Reston, tiyata a Beijin, aka kwantar masa da ciwon bayan aiki da allura, ya rubuta labarin. Masana irin su Han Jisheng na Beijin sun nuna allurar na sa jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wuraren gurabu 361, UNESCO ta sa fannin cikin gadon ɗan Adam a 2010, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin Amurka ta fara biyan kuɗinsa ga masu daɗaɗɗen ciwon baya a 2020, hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta amince da shi ga daɗaɗɗen ciwon jiki a 2021. Har yanzu masana na muhawara kan girman amfaninsa, kuma madalla da muhawarar, ita ke tace gaskiya. Ni dai a kan ciwon baya da gwiwa da ciwon kai nake yabonsa. Wanda ya ce maka allura ko ƙaho zai raba ka da ciwon suga ko hawan jini ko daji har ka ajiye maganin asibiti, ka guje shi. Haka kuma ba kowace kwalba mai rubutun Sinanci ce magani ba, a duba lambar NAFDAC.

Abin da ya sa nake ganin Sakkwato ta fi kowane gari dacewa ta fahimci wannan labari shi ne mu ma muna da littattafan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, duk da nauyin mulki da ribaɗi ya zauna ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon basir da na ciwon ido. Muna da sabara da marke da bagaruwa da hano da maɗaci, muna da tsofaffin da suka san lokacin ɗiba da yadda ake haɗawa. An ma taɓa gwadawa a ƙasar nan an dace: cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan na masu sikila daga wani haɗin gargajiya mai masoro da kanumfari a ciki. Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan, ɗalibai haziƙai na nan.

Hukuncina kan maganin Sinawa ba shi da kwana-kwana: ya yi, ya yi ƙwarai, kuma ina ba duk mai ciwon baya ko gwiwa shawarar ya nemi ƙwararren da ya karanci allurar ya gwada, bayan likita ya duba shi. Ga malamanmu na jami'a da masu maganin gargajiya da sarakunan aska kuwa, roƙona shi ne ku zauna tabarma ɗaya, ku buɗe littattafan Bello, ku kai ganyayenmu ɗakin gwaji yadda Tu Youyou ta kai nata. Gwamnatin jiha da masu hannu da shuni na garin nan, ku ɗauki nauyin wannan aiki tun tsofaffin da suka san itatuwan suna raye.